Hannun Dama da Na'urar Riƙe Gudu a Bisa Babur

A cikin shekarun nan wata al'ada ta yaɗu tsakanin masu manyan babura na Amurka da Turai da Ostareliya, mutanen da suka ɗauki doguwar tafiya a bisa taya biyu abin sha'awa da alfahari, ita ce mutum ya sayi babur wanda masana'anta ba ta sa masa na'urar riƙe gudu ba, sa'an nan ya nemo ta daga wani kamfani dabam ya ɗaura masa, domin idan ya hau miƙaƙƙiyar hanya ya huta da murza totur. Ni kuwa, bayan na yi nazarin mas'alar gwargwadon hali, abin da ya bayyana gare ni shi ne abubuwa biyu ne mabambanta aka gwama ake yi musu hukunci ɗaya, alhali ɗayansu maslaha ce wadda mai hankali ba zai ƙi ta ba, ɗayan kuwa haɗari ne wanda bai kamata a yi masa sassauci ba.

Wajibi ne a fara da yi wa masu wannan buƙata adalci, gama ba ƙyuya ce ta kai su ba. Duk wanda ya taɓa wuni a kan babban babur ya san yadda girgizar inji take shiga tafin hannu sannu a hankali, yatsu su mutu, wuyan hannu ya ɗauki zafi har ya haura kafaɗa. Kuma yayin da hannun hagu yake iya sauka bisa cinya ya sarara, na dama ba shi da wannan rangwame, saboda sifirin ɗin totur yana nan yana ja, da an sake shi inji ya koma silo. A Yammacin Ostareliya, a kan babbar hanyar Eyre, tsakanin Balladonia da Caiguna, akwai kwalta mai tsawon kilomita 146 wadda babu kwana ko ɗaya a cikinta. A Amurka kuma akwai ƙungiyar Iron Butt, wadda take ba da shahada ga wanda ya yi mil 1,000 a ƙasa da sa'a 24. Mai irin wannan tafiya larurarsa tabbatacciya ce, kuma gajiyayyen hannu shi kansa musabbabin haɗari ne.

Asalin na'urar daga mota ne. Wani injiniya na jihar Indiyana, Ralph Teetor, wanda ya makance tun yana ɗan shekara biyar, shi ne ya sami rajistar ƙirƙirarta a 1950, kamfanin Chrysler kuma ya fito da ita a motocinsa a 1958. Babur bai same ta ba sai a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da manyan baburan tafiya irin su Gold Wing na Honda suka soma zuwa da ita. Bayan da Yamaha ta fito da babur ɗinta R6 a 2006, wanda kwamfuta ce take buɗe masa wuta bisa ga ishara daga hannun mahayi, al'amarin ya yi wa masana'antu sauƙi ƙwarai, har Ducati ta kai ga sa wa Multistrada V4 rada mai lura da tazarar motar da ke gaba. Amma baburan da suke aiki da wayar totur ta gargajiya suna nan birjik a hannun jama'a, kuma masu su ne kasuwar da muke magana a kai.

Kashi na farko shi ne na'ura ta haƙiƙa, irin wadda kamfanin MCCruise na Ostareliya yake ƙerawa daidai da kowane samfurin babur. Tana da ma'auni da yake karanta juyawar taya ko ya ɗauki lissafi daga maleji, da ƙaramar kwamfuta, da wani ɗan inji da yake jan wayar totur ko ya sassauta ta, ta yadda idan babur ya fuskanci tudu sai ta ƙara wuta, idan ya gangara ta rage. Amma abin da ya sa na yarda da ita yana cikin wasu siraran wayoyi ne waɗanda ba a cika kula da su ba. Ɗaya tana haɗe da layin danja, saboda haka da zarar yatsa ya taɓa birkin gaba, ko ƙafa ta taka na baya, kafin ma babur ya soma rage gudu, na'urar ta riga ta saki totur. Wata kuma tana lura da kuloci, domin da za a kama shi na'urar tana kan aiki, sai ta ga gudu ya ragu ta yi ta ƙara wuta har inji ya yi kururuwa. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori ma, in suka tarar layin danja ya yanke, ƙin kamawa suke yi sam. Wanda ya tsara abu haka ya fahimci cewa amana aka ba shi, kuma sharaɗin riƙe ta shi ne mayar da ita nan take ga mai ita.

Kashi na biyu shi ne abin da ya fi dacewa a kira makullin totur, kuma shi ne ya fi yawa, don araha gare shi, ɗaura shi kuma ba ya buƙatar makanike. Wani zobe ne da ake murzawa a ƙarshen hannun babur, kamar na Kaoko daga Afirka ta Kudu. Wani da babban yatsa ake danna shi, kamar Atlas. Wani kuwa ɗan matsefi ne kawai da yake maƙale a robar totur ya jingina bisa hannun birki. Dukansu aikinsu guda ne, su danne ƙarfin sifirin domin totur ya tsaya inda aka bar shi. Ba su san gudu ba, shi ya sa babur yake yin nauyi a hawa ya kuma kwasa a gangara. Mafi muni kuma, galibinsu ba su san birki ba. Misalinsu misalin mahayin da ya ɗaure linzami a kwacciyar sirdi ne doki yana sukuwa, ya ce ai in buƙata ta taso zai kwance.

Masu ƙera su suna cewa ana iya murza totur baya da hannu ko da makullin yana kame, kuma wannan gaskiya ne, ba na musu. Sai dai hujjar tana da rauni ta fuskar da ba a cika dubawa ba, domin dalilin da ya sa aka sayi makullin tun farko shi ne a sami damar ɗauke hannu, hannun nan kuwa shi ne na birkin gaba, wanda mafi yawan ƙarfin tsayar da babur yake gare shi. Babur mai gudun kilomita 100 a sa'a yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Mahayin da hannunsa yake bisa cinya sa'ad da dabba ta faɗo hanya, sai ya mayar da hannun, ya tuna cewa totur a kame yake, ya murza shi baya, sa'an nan ya kama birki. In kuwa firgita ta sa ya cafki birki kai tsaye, kamar yadda ɗabi'ar ɗan Adam take, to tayar gaba tana tsayawa ta baya tana ingizawa. Ba banza ba ne Harley-Davidson, wadda ta daɗe tana sa ɗan noti mai kama da tauraro a ƙarƙashin totur don daidaita taurinsa, ta yi gargaɗi a littafin mai babur cewa kada a ɗaure shi har inji ya kasa komawa silo da kansa. Akwai kuma wani samfurin makulli, BrakeAway, wanda aka tsara ya saki da an ja birkin gaba, kuma samuwarsa shaida ce cewa masu sana'ar sun san inda aibin yake.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda wasu 'yan kasuwa a intanet suke tallata kashi na biyu da siffar kashi na farko, mai saye ya zaci ya sami abin da ke cikin mota, alhali matsefi ya saya. A hukuncin ciniki wannan ɓoye aibi ne, kuma ɓoye aibin da zai iya cin rai ya fi ƙarfin a kira shi dabarar talla. Ga 'yan'uwanmu masu manyan babura da suke yin odar kaya daga waje kuwa, lamarin ya fi tsanani, domin hanyoyinmu, ko da waɗanda aka gyara ne, ba su rabuwa da garken shanu mai tsallakawa, da rami bayan damina, da kasuwar ƙauye da ta malalo bakin kwalta.

Ko na'ura ta haƙiƙa ma ban halatta ta ba sai da sharuɗɗa, saboda ingancinta yana rataye ne a hannun wanda ya ɗaura ta. Wayar totur da aka bi da ita ta matsattsen wuri tana iya ƙara wuta da kanta idan aka karya kan babur, kuma wayar danja da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif tana iya kwancewa a cikin gargada. Saboda haka kafin mai babur ya biya ladan aiki, haƙƙinsa ne ya sa makanike ya tayar da inji a tsaye, ya juya kan babur dama da hagu har ƙarshe yana sauraron ko sautin silo zai sauya, ya murza totur ya sake ya ji ya koma da ƙarfinsa. Sa'an nan su nemi hanya marar cunkoso, a kunna na'urar a gudu kaɗan, a gwada birkin gaba shi kaɗai, a sake kunnawa a gwada na baya, a sake kunnawa a kama kuloci. Idan ko ɗaya daga cikin ukun ya yi jinkirin kashe ta, a cire fis ɗinta a koma gareji.