Teddy Osei da Matsayin Ganga a Kiɗan Osibisa

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba gudummawar Teddy Osei, haifaffen Kumasi, wanda ya rasu a Landan cikin watan Janairun 1925 da ƙarni guda, wato 2025. Shi ne jagoran waɗanda suka kafa ƙungiyar Osibisa a 1969, tare da ƙanensa Mac Tontoh da makaɗin ganga Sol Amarfio.

Osei ya fara ne da kiɗan hailaif a ƙungiyar Comets a Ghana. A 1962 ya tafi Landan, daga baya gwamnatin Nkrumah ta ɗauki nauyin karatunsa na kiɗa. Da aka hamɓarar da gwamnatin a 1966 sai tallafin ya yanke. Duk wanda ya nazarci makaɗan fada ya san halin da makaɗi kan shiga idan ya rasa ubangida: dole ya nemi wata fadar, ko kuma ya faɗa kasuwa. Osei kasuwa ya faɗa.

Ana yawan cewa Osibisa ta sanya wa kiɗan rok kayan Afirka ne. A ganina akasin haka ne ya faru. Idan aka saurari faifansu biyu na farko, Osibisa da Woyaya, waɗanda duka suka fito a 1971, za a ji cewa ganguna ne ke riƙe da waƙa, ita kuwa gita mai lantarki, wadda ita ce sarauniya a wajen Turawa, ta koma tamkar 'yar amshi. Busar Osei, ko ta saksafon ko ta sarewa, tana shiga ne ta bayar, sauran su karɓa. Kasancewar uku daga cikin mutum bakwai na farko 'yan tsibiran Karebiyan ne, ɗaya kuma, Lasisi Amao, ɗan Nijeriya, ya ƙara wa wannan tsari armashi.

Sai dai kash, kasuwa ma ubangida ce, tana kuma da nata sharuɗɗa. Waƙar Sunshine Day, wadda ta yi farin jini a Ingila a 1976, ta kawo musu suna, amma a cikinta gangunan sun ja da baya, kiɗan ya miƙe sumul don 'yan rawar disko. Waƙa ce mai daɗi, ba musu. Amma mai nazarin da ke son sanin abin da Osei ya ƙirƙiro, faifan 1971 ya kamata ya koma wa.