Mdou Moctar da Farar Jitarsa: Afrique Victime Ya Raba Gardama

Makaɗan jitar lantarki sun daɗe a rabe gida biyu. Wasu ba sa jin kira sai na Gibson Les Paul, mai nauyi a kafaɗa da kauri a kunne, domin maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiyoyinta tagwaye ne. Wasu kuwa sun rantse da Fender Stratocaster, wadda ta fito a 1954 da maganaɗisu uku, kowanne tilo, muryarta siririya, tar-tar. Ni kam gardamar nan ta ƙare a wurina ranar da na ji Afrique Victime, kundin da Mdou Moctar na Nijar ya fitar a watan Mayun 2021 a ƙarƙashin kamfanin Matador. Kai jama'a, bawan Allahn nan ya iya!

Farar Stratocaster yake riƙewa, irin ta bahagwai, don shi bahago ne. Kuma ba ya amfani da 'yar robar nan da sauran makaɗa ke kaɗa tsirkiya da ita. Yatsa yake sa wa, yana sharɓa sama da ƙasa cikin saurin da ido ba ya iya bi, ɗaya hannun kuma yana ta tsalle a wuyan jitar. A nan zaɓinsa ya yi ma'ana. Da jita mai kaurin murya ce, da wannan ruwan sautuka ya cakuɗe ya zama hayaniya. Amma Stratocaster tana fito da kowane ɗaya daban, mai kaifi, ko da ya ƙure lasifika tana kururuwa. Ka kasa kunne a "Chismiten", waƙar farko, za ka ji wata tsirkiya tana gunji a ƙasa ba ta motsi, sauran suna yawo a kanta. Wannan gadon molon Abzinawa ne da kiɗan takamba, wutar lantarki kawai aka jona masa.

Waƙar da kundin ya ci sunanta kuwa, wayyo! Ta haura minti bakwai. Tana farawa a natse, yana kokawa kan yadda aka daɗe ana zaluntar Afirka, sai gangunan Souleymane Ibrahim su fara ƙara sauri, Ahmoudou Madassane ya riƙe kiɗan da jita ta biyu, Mikey Coltun ya dafa da bas, sannan Mdou ya saki hannu. Duk lokacin da na kai wurin nan sai tsigar jikina ta tashi. Fushin da baki bai gama faɗa ba, jitar ce ke ƙarasa shi.

Turawa na son kiransa Hendrix na Sahara. Yabo ne, na sani, amma bai ishe ni ba. Shi makaɗin jita Hendrix, jitar 'yan dama ya juya ya kaɗa da hagu, hanyarsa daban. Mdou sawun makaɗin jita Abdallah Oumbadougou ya bi, wanda ya rasu a 2020, kuma saboda shi aka sa "Layla" a kundin, da jitar da ba ta lantarki ba, mai sanyin da ke ratsa zuciya. Haka ma "Tala Tannam" take da wannan sanyin.

Abin da ke ƙara mini ƙaunarsa shi ne inda ya faro. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar waƙoƙin finafinan Hausa, ya kuma bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth kafin duniya ta san da shi. Namu ne, ta ko'ina aka duba.

Mai karatu, ka nemi Afrique Victime yau, ka ji shi da lasifika mai kyau, kada ka tsaya a ta waya. In ka gama, ka ɗora da Funeral for Justice na 2024.