Wuƙar Opinel Tsakanin Aljihu da Akwatin Gilashi

Manufar wannan maƙala ita ce auna hukuncin masu tara wuƙaƙen aljihu, waɗanda suke ganin darajar wuƙa tana ƙaruwa muddin ba a taɓa yanka da ita ba. Za a ɗauki Opinel a matsayin misali.

Joseph Opinel ya fara ƙera wannan wuƙa a shekarar 1890 a yankin Savoie na Faransa, domin manoma da makiyaya. Ƙotarta ice ce, ruwanta kuma yana naɗewa ya shige cikin ƙotar. A 1955 aka ƙara mata zoben ƙarfe mai juyawa, wanda yake tokare ruwan don kada ya rufe a kan yatsa. A 1985 gidan kayan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya sa ta cikin kayayyaki 100 mafi kyawun ƙira.

To, amma me aka yaba? Duk abin da ke jikin wuƙar nan aiki ne ya haife shi, har da aibinta. Ice yakan kumbura in ya sha ruwa, sai ruwan wuƙar ya cije. Mai ita yakan buga gindin ƙotar a kan teburi ya fito da shi. Wanda ya kulle ta a gilashi ba zai san wannan ba.

Saboda haka hukuncin masu tarawa ya gaza. Sun adana siffar, sun bar ilmin da ke hannun mai wasa wuƙa. Mai nazarin sana'a ya kamata ya fara da wuƙar da wasawa ta cinye.