Geza Da Ƙarfe A Kan Lambar Mota: Ado Ne Ko Ɓuya?

Duk wanda ya zauna a Kagara ya san cewa titin da ya taso daga Tegina ya ratsa garin nan ya nufi Pandogari da Birnin Gwari ba ƙaramin titi ba ne. Tsohuwar hanyar Legas zuwa Kaduna ce, wadda ta biyo ta Jebba da Mokwa da Bokani. A kanta tireloli da tankokin mai da gingimari ke wucewa da siminti da hatsi da shanu. Da yawa daga cikin mutanen unguwarmu a bakin wannan titi suke cin abinci: direbobi, yaran mota, masu walda, masu faci, masu fenti, masu shayi, da matan da ke sayar da abinci. Tun da aka yi sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanunta a ƙarshen 2024, zirga-zirga ta ƙara farfaɗowa, kuma mun gode wa Allah. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ke tafe da motocin nan wadda ya kamata mu yi magana a kanta tun kafin ta ci wani namu. Ɗabi'ar ita ce rufe lambar mota da kayan ado.

Ku tsaya bakin titi na rabin awa kawai, ku riƙa duban bayan manyan motoci. Za ku ga wadda aka rataya mata doguwar robar tare taɓo tun daga wannan gefe har wancan, ta sauko ta lulluɓe lambar. Za ku ga wadda aka jera wa geza da sarƙoƙi suna lilo a kan haruffan. Wata an walda mata ƙaton ƙarfe a gaba don kare fitilu, rodin ya bi ta tsakiyar lambar ya raba ta biyu. Wata tsani ne, wata jarkar ruwa ce, wata jelar tamfol ce aka bari tana reto. Wata kuwa sitikar malami ko ta ɗan siyasa aka manna, ta cinye haruffa biyu. Ga kuma wadda baƙin mai da ƙura suka yi wa lambarta kauri, alhali an wanke sauran jikin motar tas. Abin mamaki, a jikin waɗannan motoci za ka karanta karin magana da kirari da manyan baƙaƙe tun daga nesa, an zana zaki da dawisu da jirgin sama, amma abu ɗaya da doka ta ce a gani shi ne ba ya ganuwa.

Ba adon muke suka ba. Zanen jikin mota sana'a ce mai daraja, kuma masu fentinmu sun iya ta. Direban da ke kwana bakwai a hanya, motarsa ce ɗakinsa, yana da haƙƙin ya ƙawata ta. Robar tare taɓo ma tana da amfani da damina, ƙarfen gaba kuma yakan kare lagireto idan saniya ta faɗo titi da dare. Abin da muke tambaya shi ne, duk faɗin bayan tirela, me ya sa sai a daidai wannan ɗan wuri, da bai fi tsawon kamu ɗaya ba, adon ke sauka?

Bari mu tuna wa juna abin da lambar ke ɗauke da shi. A tsarin da aka shigo da shi a 2011, haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi wa motar rajista. KAG tamu ce ta Rafi, MNA ta Minna, KNT ta Kontagora. Sai alƙaluma uku, sai haruffa biyu. A sama ga sunan jiha. Launin rubutun ma magana yake yi: shuɗi na motar gida, ja na motar haya da ta kasuwanci, kore na gwamnati. An yi farantin da abin da ke ƙyalli idan fitila ta haska shi, don a karanta shi da dare. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da rumbun bayanai inda ake shigar da lamba a ga wace mota ce. Dokar hukumar ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012 sun wajabta lamba a gaba da baya, a fili, yadda za a iya karantawa. A taƙaice, lamba ita ce sunan mota. Wanda ya rufe ta tamkar mutumin da ya shigo kasuwa da rawani ya naɗe fuska ne, ya ce a yi ciniki da shi bashi.

To wa wannan ɓuya ke cuta? Direbobi da yawa suna ganin jami'an hanya suke yi wa wayo. Ina! Jami'in da ke kan shinge ba ya buƙatar lamba, tun da mota a gabansa take tsayawa, takardu kuma a hannunsa suke. Wanda ke buƙatar lamba shi ne wanda ba shi da ikon tsayar da mota: ɗan acaɓan da tirela ta goga ta jefa a kwalbati, mai tallar da aka take wa faranti, makiyayin da aka kashe wa saniya, uban da aka buge wa yaro a hanyar Islamiyya. Su waɗannan daƙiƙa uku ko huɗu kawai suke da su kafin mota ta ɓace a kwana. Idan suka je ofishin 'yan sanda, ko aka kira lambar gaggawa ta 122, tambayar farko ita ce, "Kun ɗauki lamba?" Amsar da aka saba ji kuwa ita ce, "Wata jar DAF ce mai zanen zaki a baya." Jar DAF mai zanen zaki nawa ce tsakanin Legas da Kano?

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda mutanenmu da yawa ba su sani ba. Doka ta tilasta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 ga motar gida, naira 100,000 ga babbar motar ɗaukar kaya, kuma ɓarnar dukiyar da za a iya biya a kan babbar mota ta kai har naira miliyan 5. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa masu motoci a kan takardar. Ma'ana, idan tirela ta rushe wa mutum shago ko ta murƙushe masa babur, akwai inda zai nemi haƙƙinsa. Amma ƙofar wannan haƙƙi ɗaya ce, ita ce lambar motar. Gezar naira dubu biyu tana iya toshe wa talaka miliyoyi.

Ta fuskar addini ma maganar ba ta da wuyar fahimta. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Haɗari ƙaddara ne, kowa na iya gamuwa da shi. Amma mutum ya shirya tun daga gareji yadda ba za a gane shi ba idan abin ya faru, wannan ba kuskure ba ne, shiri ne. Mota ta sha rubutun addu'a a goshi, a bayanta kuma an tanadi hanyar gudun haƙƙin marayu. Yaya waɗannan biyu za su zauna a jikin mota ɗaya?

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na mazauna wannan unguwa shi ne, idan aka rasa mai laifi, laifin kan jama'a yake komawa. Muna zaune da Kamuku da Gwari da sauran maƙwabta shekara da shekaru, muna auratayya, muna cin kasuwa ɗaya. Amma kowa ya san cewa a ƙasar nan ana ɗaukar tuƙin babbar mota sana'ar Bahaushe ce. Idan mota mai lamba ta yi ɓarna, sai a ce motar wane ce, a je a same shi. Idan marar lamba ce, sai a ce "motar Hausawa ce", ko da direban bai taɓa kwana a Kagara ba. Wake ɗaya ke ɓata gari. Lambar da ke fili garkuwa ce ga sauran direbobi masu gaskiya, da mu da ke zaune a bakin hanya.

Kada kuma mu manta da halin tsaro. Garin da aka kwashe mutum 42 daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati a Fabrairun 2021, aka kuma kwashe yara sama da ɗari daga Islamiyyar Salihu Tanko ta Tegina a watan Mayun shekarar, bai kamata a ce sai an yi masa wa'azi a kan hatsarin abin hawan da ba a san mai shi ba. Wanda ke kai wa 'yan daji mai da abinci, da wanda ke fitar da shanun sata, babu abin da yake so kamar a saba ganin motoci marasa lamba, don tasa ta saje a cikinsu.

Yanzu bari mu ji ta bakin direbobi, domin suna da tasu hujjar. Suna cewa tsakanin Mokwa da Kaduna shingaye ba su ƙirguwa, kowane da abin da ake miƙawa, ko takardunka sun cika ko ba su cika ba. Suna cewa idan direba ya tsaya bayan haɗari, kafin hukuma ta iso jama'a sun far masa, wani lokaci har a cinna wa mota wuta. Suna cewa ramukan hanya ke karya maƙalar lamba, shi ya sa suke tura ta can ƙarƙashin bodi. Duk gaskiya ne. Ɗaukar doka a hannu mummunan abu ne, kuma yana cikin abin da ke koya wa direbobi gudu. Sai dai direban da ya tsere don ceton ransa, ya kai kansa ofishin 'yan sanda na gaba, ba ya buƙatar ɓoye lamba. Mai ɓoye ta shi ne wanda bai yi niyyar tsayawa a ko'ina ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumomi suna da kaso babba a wannan lamari. Tarar laifin lamba a jadawalin da FRSC ta daɗe tana aiki da shi naira 3,000 ce, kuɗin da bai kai na abincin direba da yaransa na yini ɗaya ba. Ita ma sau nawa ake rubuta ta? Abin da aka fi gani shi ne a nuna wa direba laifinsa, a karɓi na goro, ya wuce da gezarsa, gobe wani shingen ya sake cin moriyarta. Laifin da aka gyara ya daina kawo kuɗi, shi ya sa ba a son gyara shi. Sannan ga manya. Jiba-jiban motoci masu baƙin gilashi suna wucewa da lamba a cikin rigar fata, a sara musu. A 2022 sai da Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Usman Alkali Baba, ya haramta amfani da lambobin nan masu rubutun SPY saboda yadda ake fakewa da su. Muddin mai kanta yana ganin babban mutum ya rufe tasa lambar an buɗe masa hanya, ba zai ɗauki dokar da muhimmanci ba.

Gyaran kuwa ba shi da tsada. A Indiya, ƙasar da ta fi mu son yi wa manyan motoci ado, doka ta sa motocin kaya su rubuta lambarsu a gefen bodi dama da hagu, kuma a Disambar 2017 gwamnatinsu ta umarci jihohi su hana ƙarafan gaban nan da ake ƙara wa motoci. Adonsu bai ragu ba. Mu ma muna iya farawa daga inda hannunmu ya kai. Mai walda, idan an kawo maka aikin ƙarfen gaba, ka fitar wa lamba gurbinta a saman rodin, aikin minti goma ne. Mai fenti, kafin ka zana zaki, ka rubuta lambar da manyan baƙaƙe a ƙyauren baya da gefe biyu. Yaron mota, tsumman da kake goge gilashi da shi ya isa ya goge lamba. Shugabannin NURTW da NARTO na tashoshinmu, ku da kuke da ikon hana mota lodi saboda kuɗin ƙungiya, kuna da ikon hana ta saboda lamba. Iyayen gidan mota kuma su sani, duk abin da motarsu ta aikata a ɓoye yana nan a rubuce inda ba a rufewa da geza.

Ga jami'an FRSC da VIO da 'yan sanda, roƙonmu ɗaya ne: idan kun kama, ku sa a cire abin a gabanku, ku rubuta tarar a takarda, kuma ku fara da mai rigar fata kafin mai geza. Mu kuma mazauna bakin titi, mu koya wa yaranmu karanta lamba kamar yadda muke koya musu duba hagu da dama, mu kuma riƙe hannunmu idan direba ya tsaya, don na bayansa ya ga cewa tsayawa ba mutuwa ba ce.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya tsare matafiyanmu, ya kai kowa gida lafiya.