Adon Harshe Tsakanin Aji da Unguwa: Sharhi Kan Koyar da Kalmomin Nazarin Adabi

Wannan ɗan taƙaitaccen sharhi zai dubi yadda ɗaliban sakandare masu nazarin adabin Ingilishi ke koyon keɓaɓɓun kalmomin adon harshe. Mun ɗauki unguwar Sabon Layi ta garin Mubi a matsayin zakaran gwajin dafi, domin Hausa ce ke haɗa Bafulatani da Gude da Fali a kasuwa da masallaci.

Abin da muka lura da shi shi ne, ɗalibi kan haddace kalmomin nan tamkar karatun aku, don kawai ya tsallake jarrabawar WAEC ko NECO. Da yawansu asalinsu Girkanci ne. Alal misali "metafo", wadda Aristotil ya yi bayaninta tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ma'anarta ɗauke abu a kai shi wani wuri. Yaro ya riƙe sunan, amma a ba shi waƙa a ce ya nuna, sai ido ya raina fata.

Alhali kuwa abin yana bakinsa kullum. Dillalin da ya ce a kasuwar shanu ta Mubi, "Bijimin nan ƙahonsa na taɓa sama," ya yi kambamawa. Uwar da ta ce ɗanta yana da haƙuri kamar raƙumi ta yi kamance. Wanda ya kira malaminsa fitila ya yi siffantawa. Sunayen nan ba mu muka ƙirƙiro su ba: akwai Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, ga kuma Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo na 2007.

Sai dai akwai hanzari ba gudu ba. Kalmomin harsunan biyu ba su zama daidai wa daida ba. Ɗalibin Ingilishi galibi suna ɗaya yake koya, na mayar da abu mutum. Manazarta Hausa kuwa sun kasa jinsintarwa gida uku: mutuntarwa, kamar "yunwa ta kama ni da kokawa", dabbantarwa, kamar "maigida yana gurnani", da abuntarwa, kamar "tsohon ya yi tsatsa". Haka nan habaici, wanda ake jefa wa mutum ba tare da an ambaci sunansa ba, ba shi da takwara guda a jerin da ake ba ɗalibi. Malamin da ya fassara kalma da kalma kawai zai ƙara wa Borno dawaki ne wajen ruɗa yara.

A tamu fahimtar, ya kamata malami ya fara da maganar da yaro ya ji a gida, ya sa shi ya gano dabarar da ke ciki da abin da ta ƙara wa ma'ana, sannan ya ba shi sunan Hausa, daga baya na Ingilishi, yana nuna masa inda suka rabu. Ɗalibin da ya iya feɗe zancen dillali ba zai razana da Shakespeare ba.