Sirri a Bainar Jama'a: Inkiyar Yatsu a Wasan Besbol

Tsakanin mai jifa da mai riƙe da sanda a wasan besbol akwai tazarar mita 18 da ƴan kai. Gwanin jifa a babbar gasar Amurka yana sakin ƙwallo da gudun da ya kai kilomita 150 a awa, ta yadda kafin rabin daƙiƙa ya cika ta riga ta iso. Cikin wannan ƙiftawar ido mai sanda zai gane irin ƙwallon da ke tafe, ya yanke shawarar ya buga ko ya ƙyale. A bayansa akwai wani mutum tsugune, fuskarsa cikin ragar ƙarfe, hannunsa ɗaya cikin ƙatuwar safar fata. Shi ne mai cafkewa, abokin aikin mai jifa. Shi ba ya da izinin canki-canka. In ya sa ran ƙwallo mai lanƙwasa sai ga miƙaƙƙiya ta zo da ƙarfinta, ko dai ta wuce shi abokan hamayya su ci ƙasa, ko ta same shi a wuya ko a yatsa. Dole su biyun su yi magana kafin kowace jifa, kuma dole su yi ta a gaban mutumin da ake son ɓoye wa, da dubban ƴan kallo.

Hanyar da suka gada tun ƙarni na 19 ita ce yatsu. Mai cafkewa yana tsugunawa ya tura hannunsa tsakanin cinyoyinsa, ya kare gefe da safarsa don kada na tsaye a gefen fili su hango. Yatsa ɗaya yana nufin miƙaƙƙiya mai gudu, biyu mai lanƙwasowa ƙasa, uku mai zamewa gefe, in kuma ya kaɗa yatsun, to ana son wadda ke fitowa kamar mai gudu amma ta iso a makare. Daga nan ya taɓa cinyar dama ko ta hagu, ya nuna gefen da za a aika ta. Wasu har farin fenti suke shafa wa faratansu don mai jifa ya gani sosai a wasan dare.

Abin da ya fi burge ni a wannan al'ada shi ne inkiyar shawara ce. Mai jifa yana iya girgiza kai ya ƙi, mai cafkewa ya sake kawo wata, har su daidaita. Mai cafkewa ne ke ganin tsayuwar mai sanda, da yadda ya matso ko ya ja baya, shi ne kuma ya haddace abin da mutumin ya kasa bugawa jiya da shekaranjiya. Mai jifa kuwa shi ya san abin da hannunsa ke iyawa yau, ya san ƙwallon da ta ƙi kama masa yatsa tun fara wasa. Kowa da rabin sanin da ɗayan ba shi da shi. Wani lokaci ma girgiza kan ta ƙarya ce, an shirya ta ne don mai sanda ya shiga wasi-wasi.

Matsala tana tasowa ne idan ɗan wasan abokan hamayya ya kai zango na biyu, ɗaya daga cikin wuraren da masu gudu ke tsayawa bayan an buga ƙwallo. Wannan wuri yana bayan mai jifa daidai, saboda haka duk abin da mai jifa ya gani, shi ma ya gani. Sai a koma jero alamu da yawa a lokaci guda, ɗaya ce kawai ta gaskiya: wataƙila ta biyu, wataƙila wadda ta biyo bayan yatsu biyu, wataƙila lissafin ya danganta da adadin waɗanda aka fitar a zagayen. In wanda ke zango na biyun ya warware ƙullin, zai sanar da mai sanda ta hanyar dafa gwiwa ko taɓa hula. Dokar wasa ba ta hana wannan ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya zauna filin kokawa a Tibiri ko Dogon Dutsi bayan girbi ya san ɗan kokawar kirki yana karanta abokin karawarsa tun kafin su haɗa ƙirji: ƙafar da ya gabatar, kafaɗar da ya sassauta, inda idonsa ke komawa. Ba wanda ke kiran wannan sata. Wanda aka karanta shi ne bai iya ɓoye niyyarsa ba.

Amma tun da wuri wasu suka ƙi tsayawa a iyakar ido. A watan Satumba na 1900, wani ɗan wasan Cincinnati mai suna Tommy Corcoran ya tona ƙasa a filin ƙungiyar Philadelphia Phillies, ya ciro akwati da wayar lantarki. Ashe wani ne ke zaune can nesa da madubin hange yana karanta yatsun mai cafkewa, yana aiko da girgiza ƙarƙashin ƙafar mutuminsu Pearce Chiles. A 1951 ƙungiyar New York Giants ta yi irin wannan da madubin hangen nesa da ƙararrawa a filinta na Polo Grounds, a kakar da ta kamo Brooklyn Dodgers bayan an ba ta rata mai yawa, har ɗan wasanta Bobby Thomson ya yi shahararren bugunsa a kan jifar Ralph Branca na Dodgers ranar 3 ga Oktoba. Sai a 2001 ɗan jarida Joshua Prager ya fito da cikakken labarin a jaridar Wall Street Journal. Thomson ya ce shi bai karɓi inkiya a wannan jifar ba, amma Branca ya shafe shekara hamsin ana nuna shi a matsayin wanda ya zubar da wasa.

Wanda ya fi girgiza mutane shi ne na Houston Astros a 2017. Kyamara daga can ƙarshen fili tana ɗaukar yatsun mai cafkewa, hoton yana zuwa allo kusa da mazaunin ƴan wasa, wani kuma yana dukan garwar shara: in an ji duka, mai lanƙwasa ko mai jinkiri ce ke tafe, in shiru, mai gudu ce. A shekarar suka ci kofin gasar a kan Los Angeles Dodgers. Asiri ya tonu a Nuwamban 2019 da tsohon mai jifarsu Mike Fiers ya yi wa jaridar The Athletic bayani. A Janairun 2020 shugaban gasar, Rob Manfred, ya ci tarar ƙungiyar dala miliyan 5, ya dakatar da mai horarwa A.J. Hinch da manaja Jeff Luhnow shekara guda, mai ƙungiyar kuma ya sallame su a ranar. Ƴan wasan da suka ci moriyar dukan garwa ba a taɓa ko ɗaya ba, domin an yi musu alkawarin kariya kafin su ba da shaida, kofin ma ba a karɓe ba. Wannan hukunci bai gamsar da ni ba. Akwai masu jifa da aka yi wa ruwan bugu a wasannin nan, alhali guminsu ne da abincin iyalinsu, ba su san an riga an sayar da su ba.

Maganin da hukumar gasar ta kawo a 2022 na'ura ce mai suna PitchCom. Mai cafkewa yana ɗaura ƴan maɓallai a hannu ko a gwiwa, ya danna, murya ta faɗa wa mai jifa irin ƙwallon da gefenta ta wata ƴar lasifika da ke cikin hularsa, da Turanci ko Sifaniyanci. Da aka shigo da agogon jifa a 2023, wanda ke ba mai jifa daƙiƙa 15 in babu kowa a zango, sai na'urar ta zama kusan dole, don babu sauran lokacin jero alamu biyar a sake biyar.

Na yarda cewa ba makawa a yi hakan, tunda an nuna kyamara ta fi kowace dabarar yatsu sauri. Amma an biya da tsada. Mai gudu a zango na biyu ba shi da sauran abin karantawa a hannun mai cafkewa, wannan fasaha ta halal ta tafi tare da ta haram. Mai kallo a talabijin, wanda a da yake ganin yatsun ya san abin da ke zuwa, har ya yi gardama da zaɓin kafin a saki ƙwallo, yanzu an rufe masa ƙofa. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne sauyin 2023, da aka ba mai jifa izinin ɗaura nasa maɓallan ya zaɓi jifarsa da kansa. Inda aka bi wannan hanya, shawarar ta juya baya: wanda ke tsugune kusa da mai sanda, yana jin numfashinsa yana ganin ƙafafunsa, ya koma mai karɓar umarni daga wanda ke mita 18 nesa. Yara a filayen unguwa na Jamhuriyar Dominika da Kuba da Japan har yanzu da yatsu suke koyo, kuma ina ganin su ne ke samun tarbiyyar da ta fi, domin mai cafkewar da ya saba a girgiza masa kai ya sake tunani yana koyon dalilin kowace jifa kafin ya nemi a yi ta.