3.2 Matsayin Hadda a Manhajar Manyan Azuzuwan Firamare

A wannan sashe za a dubi manhajar da makarantar Kirista ta Logos ta ɗauka tun kafuwarta a jihar Idaho ta Amurka a 1981. Tushen manhajar shi ne laccar da Dorothy Sayers ta gabatar a Oxford a 1947, inda ta kasa karatun yaro gida uku, wato nahawu da manɗiƙi da balaga. Ta keɓe matakin nahawu ga 'yan shekara 9 zuwa 11, domin su haddace Latin da ranakun tarihi da labaran Littafi Mai Tsarki.

Babu shakka hadda na kafa harsashi mai ƙarfi. Sai dai idan aka lura, a Turai ta da fannonin nan uku darussa ne kurum, Sayers ce ta jingina su da shekarun yaro. Ita kuwa ba malamar firamare ba ce, ta dogara ne da ƙuruciyarta. Yaron aji biyar yakan nemi dalilin abu, kuma jinkirta masa amsa har shekara 12 na iya dusashe masa sha'awar karatu. Saboda haka, ya kamata hadda ta tafi tare da bayani.